Tambaya da Amsa: Kamun Kifin Bas da Tanar Roba

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan sun karkata ne ga harkar fatsa, kuma yawancinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito, waɗanda suka tarar da mutanen ƙasar suna kashe kuɗi da lokaci wajen farautar wani kifi da ake kira bas. Kada mai karatu ya zaci motar haya ake nufi. Kifin ruwan daɗi ne mai launin kore da baƙin zane a gefen jiki, asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa, kuma nau'in da ya fi shahara shi ne mai babban baki, wanda muƙamuƙinsa ke wuce saitin idonsa. Na zaɓi wasiƙu biyar, na taƙaita su yadda fili zai ɗauka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a wani gari kusa da Dallas a jihar Teksas. Na sayi sandar fatsa da na'urar naɗe zare irin wadda ake ratayawa a ƙarƙashin sanda, da ƙunshin tanar roba guda uku, saboda na ga maƙwabcina yana kamo bas da su a tafkin da ke bayan gidajenmu. Sau shida ke nan ina fita, ina jefawa ina naɗowa har hannuna ya gaji, amma ko ƙaramin kifi ban taɓa ɗagowa ba. Tun ina yaro a gida na san da tana mai rai ake kama kifi. Shin wannan roba yaudarar 'yan kasuwa ce, ko kuwa ni ne ban iya ba?

AMSA: Ɗana, laifin ba na roba ba ne, kuma amsar tana cikin wasiƙarka, a inda ka ce kana jefawa kana naɗowa har hannunka ya gaji. Wanda yake fatsa da tanar roba yadda ya kamata, ba hannunsa ke gajiya ba, idonsa ne. Amma bari in fara cire maka kokwanto game da ita kanta robar.

A shekarar 1949 wani ma'aikacin injina mai suna Nick Creme da matarsa Cosma suka fara dafa roba a kicin ɗin gidansu da ke Akron ta jihar Ohayo, suna zuba ta a cikin zubin da aka ɗauko daga siffar tana ta gaske. Abin da ya bambanta tasu da waɗanda aka yi a baya shi ne taushi, domin ba ta ƙandarewa idan ta sha iska. Kasuwar ta fi buɗe musu a gabashin Teksas, inda sababbin madatsun ruwa suka shanye dazuzzuka, aka bar itatuwa a tsaye a ƙarƙashin ruwa, har daga baya kamfanin ya tare a garin Tyler, wanda bai kai tafiyar awa biyu daga inda kake ba. Abin da ya yi sama da shekara 70 a kasuwa, kuma masu cin abinci da gasar kamun kifi suna dogara da shi har yau, ya wuce a kira shi yaudara.

Tana mai rai tana yi wa mai fatsa aiki da kanta, domin tana motsi, tana da ƙamshi, ko barci ya ɗauke ka kifi zai zo. Ta roba kuwa gawa ce, ranta yana hannun mai riƙe da sanda. Shi kuma bas mafarauci ne mai kwanton ɓauna, yana laɓewa a gindin itacen da ya faɗa ruwa, ko ƙarƙashin gadar katako, ko bakin ciyawa, ko tsakanin duwatsun da aka jera a gaɓa, yana jiran abin da zai faɗo gabansa cikin rauni. Idan ka jefa tana tsakiyar tafki ka janyo ta da sauri, ka wuce da ita ta saman ruwan da babu kowa, kuma cikin siffar da babu wata tana a duniya da take tafiya haka.

Ga yadda za ka ɗaura ta, irin ɗaurin da ake jingina wa Teksas ɗin da kake zaune. Ka fara zura dalma mai siffar harsashi a zare, tsininta yana kallon sanda. A tafki marar zurfi irin na unguwa, mai nauyin giram 3.5 zuwa 5 ta isa, wato abin da za ka ga an rubuta 1/8 ko 3/16 na oza a jikin leda. Sannan ka ɗaura ƙugiya mai lanƙwasa a wuya, lamba 3/0 ga tana mai tsawon inci 6. Ka soka tsinin ƙugiyar a tsakiyar kan tanar kamar zurfin ƙwayar shinkafa, ka fito da shi ta gefe, ka tura kan tanar har ya hau lanƙwasar wuyan ya rufe ƙullin. Daga nan sai ka juya ƙugiyar ta fuskanci jikin tanar, ka gwada inda tsinin zai faɗa, ka huda ta nan, ka ɓoye bakin tsinin a ƙarƙashin fatar roba. Idan ka ɗaga ta, dole ta rataya a miƙe sambal kamar tsinke. Idan ta yi doro ko ta karkace, ka cire ka sake, domin karkatacciyar tana juyi take yi a ruwa, tana korar kifi kuma tana murɗe zare. Amfanin ɓoye tsinin shi ne ka iya jefa ta cikin rassa da ciyawa ba tare da ta maƙale ba, kuma can ne kifin yake. Wanda yake tsoron asarar ƙugiya har ya guje wa itatuwa, ya guje wa bas ɗin ke nan.

Yanzu sai aikin kansa. Ka jefa kusa da maɓoya, ka rufe bakan na'urar, wato lanƙwasasshiyar wayar da ake buɗewa domin zare ya fita lokacin jifa, da hannunka, sannan ka bar tanar ta nutse ba tare da ka taɓa marikin naɗi ba. Ka kafa idonka a daidai inda zare ya shiga ruwa. Mafi yawan koto yana zuwa ne a wannan lokaci na nutsewa, lokacin da zare yake da ɗan sako-sako, saboda haka sau da yawa ba za ka ji komai a hannu ba, gani za ka yi. Idan zaren ya kwanta, ta kai ƙasa ke nan. Ka ƙirga biyar a zuciyarka, ka ɗaga kan sanda a hankali kamar daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 11 na agogo, ka sauke, ka naɗe rarar zaren kawai, ka sake jira. Sanda ce ke tafiyar da tana, na'ura tattara zare kawai take yi. Jifa ɗaya yana iya cin minti biyu, kuma idan ka ji kamar kana ɓata lokaci, to ka kusa kai wa saurin da ake so.

Ni ma na sha irin wahalarka. A bazarata ta farko na yi makonni ina fita wani tafki da asuba ina komawa hannu rabbana, har wata rana na ajiye sanda a kan gwiwa domin in ɗaure igiyar takalmi, tanar tana kwance a ƙasan ruwa kusa da wani kututture. Da na ɗago kai sai na ga zaren yana tafiya hagu shi kaɗai, a hankali, yana yanka ruwa kamar ana jan sa da allura, alhali babu iska ko kaɗan. Ban ji girgiza ba, ban ji fizga ba. Kifin da na fitar a ranar bai wuce kilo ɗaya ba, amma shi ya nuna mini cewa a duk makonnin baya ina ƙwace abincin ne daga bakinsu tun kafin su yanke shawara.

Bas ba ya cizo irin na tarwada, zuƙa yake yi, ya buɗe baki da marufan kunnuwansa lokaci guda ruwa ya ja abin ciki. Alamar takan zo iri uku: ɗan ƙwanƙwasa sau ɗaya ko biyu kamar an taɓa sandar da farce, ko zaren ya yi ɗan tsalle ya kama tafiya gefe, ko kuma ka ɗaga sanda ka ji nauyi mai taushi kamar ka kamo jiƙaƙƙen tsumma. Ƙwanƙwasa mai yawa da sauri kamar bugun keken ɗinki galibi ƙananan kifaye ne ke jan wutsiya. Da zarar ka ga alama, ka sauke kan sanda, ka naɗe rara har ka ji nauyin, ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya domin tsinin ya ratsa roba ya shiga baki. Tsofaffin masu fatsa sukan ce a jira a ƙirga goma, amma ban yarda da wannan ba, domin jinkirin yana sa kifi ya haɗiye ƙugiya har maƙogwaro, wanda kuma sau da yawa ajalinsa ke nan.

Game da launi, kada kantin kayan fatsa ya ruɗe ka da jerin launuka ɗari. Kore mai duhu da ɗigon baƙi ya ishe ka a ruwa mai haske, baƙi mai shuɗi ko shunayya mai duhu kuma a ruwa mai laka. Lokaci ya fi launi muhimmanci. A zafin Teksas ka fita bayan sallar asuba ko gab da magariba, da rana tsaka kuma ka nemi inuwa. Mafi albarkar lokaci shi ne watan Maris da Afrilu, sa'ad da ɗumin ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, kifayen suka matso gaɓa domin yin ƙwai.

Ka kuma daidaita burinka. Abin da za ka riƙa samu a tafkin unguwa rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya da rabi. Mafi girman da aka rubuta a duniya shi ne na George Perry, fam 22 da oza 4, wato kilo 10 da ɗan ɗoriya, wanda ya kama a tafkin Montgomery na jihar Jojiya a 1932, kuma sai a 2009 Manabu Kurita ya kamo tamkarsa a tafkin Biwa na Japan. Kafin ka sake fita, ka tabbata kana da lasisi, domin a Teksas duk wanda ya kai shekara 17 yana bukatarsa a ruwan gwamnati, sai dai a cikin wuraren shaƙatawa na jiha, inda aka yafe shi ga mai fatsa daga gaɓa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Matsalata zare ne. Duk fitar da na yi sai ya cukurkuɗe ya fito daga kwarkwaro a dunƙule kamar gashin da ba a taje ba, in ɓata rabin lokacina wajen warwara. Mai karatu daga Atlanta.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ciwo gadon na'urar da ake ratayawa a ƙarƙashin sanda ne. Kwarkwaronta ba ya juyawa lokacin jifa, zaren ne ke warwarowa daga bakinsa zagaye bayan zagaye. Wannan tsari, wanda wani mai masaƙa a Ingila, Alfred Illingworth, ya yi wa rajista a 1905, shi ne ya sa take iya jefa abu marar nauyi nesa, kuma shi ne ya sa zare ke saurin murɗewa a kanta.

Abu huɗu ke ƙara murɗar. Babbansu shi ne juya mariki a lokacin da kifi ke jan zare, birkin na'urar da ke sakin zare idan ja ya yi ƙarfi yana kuka, domin kowane juyi a wannan hali murɗa ce kake sakawa ba tare da ka tattara ko taƙi ɗaya ba. Idan birki na kuka ka tsaya, ka bar sanda ta yi faɗan. Na biyu shi ne rufe baka ta hanyar juya mariki, wanda ke barin ɗan lauje sako-sako a kan kwarkwaro, sauran zare ya hau kansa, jifa na gaba kuma ya fito da su gaba ɗaya. Ka rufe da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Sai cika kwarkwaro har baki, alhali ya kamata a bar kamar milimita 3, da kuma karkatacciyar tana da na ambata a sama.

Wanda ya riga ya murɗe, ka yanke ƙugiya da dalma, ka warware zaren a kan ciyawa kamar taku 50, ka naɗo shi yana bi ta tsakanin yatsunka biyu. Amma shawarar da ta fi ita ce ka koma zaren kitso mai ƙarfin fam 10 ko 15, wanda ba ya riƙe lanƙwasa irin na nailan kuma ba ya miƙewa, saboda haka ƙaramin koto ma yana isowa hannu. Ka zaɓi mai launin rawaya domin idonka ya riƙa bin sa, ka ƙulla masa kamu biyu ko uku na zaren fulorokabon mai fam 8 a ƙarshe, domin shi ba ya fitowa sosai a ruwa kuma yana jure gogar dutse.

TAMBAYA: Malam, mene ne jig, kuma yaushe ya fi tana? Na sayi guda biyu manya masu geza, kifi ya ɗauka sau uku amma duk ya kuɓuce. Na kuma ji ana cewa da naman alade ake haɗa shi, abin da ya sa na ajiye su gefe. Mai karatu daga jihar Minesota.

AMSA: Jig ƙugiya ce da aka zuba wa kan dalma a wuya, aka ɗaura mata gezar roba da ke buɗewa tana rufewa a ruwa, aka kuma kafa mata 'yar tsintsiya a gaban tsini domin kare ta daga rassa. A bayanta ana soka wata roba mai hannu biyu. Abin da ake kwaikwayo wata halitta ce mai kama da jatan lande, mai almakashi biyu irin na ƙaguwa, wadda ke rarrafe a ƙasan duwatsu tana tsalle da baya idan ta firgita, kuma tana cikin abincin da bas ya fi so.

Maganar alade tana da asali. Tun shekarun 1920 wani kamfani a jihar Wiskonsin mai suna Uncle Josh yake yanka fatar alade yana jiƙa ta a ruwan gishiri cikin 'yan kwalabe, ana soka ta a bayan ƙugiya, kuma shekaru da yawa ita ce abokiyar tafiyar jig. Yau roba ta karɓe kasuwar kusan gaba ɗaya. Abin da ke cikin leda a bushe roba ce, wanda ke cikin kwalba da ruwa shi ne za ka karanta rubutun jikinsa. Shi kansa jig ɗin babu komai a jikinsa sai dalma da ƙarfe da roba, saboda haka ka ɗauko naka daga inda ka ajiye.

Kuɓucewar kifin kuwa daga rashin dacewar kaya ne. Manyan jig masu nauyin giram 14 suna da ƙugiya mai kauri da tsintsiya mai tauri, an yi su ne domin sanda mai ƙarfi da zare mai kauri da ɗaya na'urar mai kwarkwaro mai juyawa. Sanda mai laushi da zaren fam 8 ba za su iya tura wannan kaurin ƙarfe cikin muƙamuƙin kifi ba, sandar ce za ta lanƙwashe ta shanye ƙarfin. Ka nemi ƙananan jig na giram 3.5 zuwa 7 masu siririyar ƙugiya, ka rage silin tsintsiyar da almakashi, ka baza sauran kamar mafici. Akwai kuma wanda ya fi wannan sauƙi, wato kan dalma tsirara mai nauyin kamar giram 2 da guntuwar tana mai inci 3 ba cikakku ba, salon da ake kira da sunan Ned Kehde, wani marubucin harkar fatsa daga jihar Kansas. Abin ba shi da kyan gani, kamar guntun alli yake, amma a ruwan sanyi mai haske da duwatsu irin na arewacin Amurka, inda bas mai ƙaramin baki ya yawaita, da wuya a samu abin da ya fi shi kawo koto. Idan robar da ka saya irin mai miƙewa ce kamar danƙo, kada ka haɗa ta a akwati ɗaya da tanar roba ta gargajiya, domin suna narkar da juna.

A nawa ganin, tana ta fi yawan kamu, jig kuma ya fi kamo manya, musamman a ruwan sanyi na farkon bazara da ƙarshen kaka. Bas ba ya daɗewa da jig a baki saboda taurin kan, don haka babu jira ko na daƙiƙa ɗaya. Idan tafiya ta kai ka jihohin arewa maso gabas, ka binciki dokar dalma, domin Niyu Hamsha ta haramta ƙananan dalma da jig da nauyinsu bai wuce oza ɗaya ba, saboda wasu tsuntsayen ruwa masu nutso suna haɗiye su suna mutuwa. A irin wuraren nan ana amfani da wani ƙarfe mai nauyi da ake kira tangistan, wanda ya fi tsada amma ya fi dalma isar da labarin ƙasan ruwa zuwa hannu.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya kamu da son wannan fatsa, duk Asabar yana bakin ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sai ya nuna mini hoton kifi a waya, in tambaye shi ina kifin, ya ce ya mayar da shi ruwa. Shin ba a cin sa ne, ko kuwa wasa da abinci ake yi? Uwargida daga Hustan ta jihar Teksas.

AMSA: Hajiya, ana cin sa, halal ne kamar sauran kifaye, namansa fari ne kuma yana karɓar yaji. Perry da na ambata ɗazu, da iyalinsa suka cinye wancan ƙaton kifi, domin a lokacin ana cikin matsin tattalin arziki. Al'adar sakin kifi daga baya ta zo. Ray Scott, mutumin Alabama da ya shirya babbar gasa a tafkin Beaver na jihar Akansas a 1967 ya kuma kafa ƙungiyar masu fatsar bas mai suna B.A.S.S. a 1968, ya ga yadda mutanen garuruwa ke fushi idan 'yan gasa suka tara matattun kifaye a gaɓa. Daga 1972 ya fara matsa wa 'yan gasa su kawo kifi da rai a sake shi bayan awo, kuma daga nan abin ya zama ɗabi'ar masu fatsa gaba ɗaya.

Akwai hikima a ciki. Manyan bas kusan duka mata ne, su ne masu yawan ƙwai, kuma kifi yana shafe shekaru kafin ya kai kilo uku. Tafki ƙarami da mutum ɗari ke zagayawa zai ƙare cikin ɗan lokaci idan kowa yana tafiya da manyan gida. Jihar Teksas ma tana da shiri tun 1986 na karɓar aron duk bas da ya kai fam 13 daga hannun wanda ya kama shi, domin a samu irinsa a wurin ƙyanƙyasa. Sannan akwai batun lafiya, domin kifin da ke cin kifi yana tara sinadarin makuri a jikinsa gwargwadon shekarunsa, shi ya sa hukumomin jihohi ke fitar da gargaɗi kan wasu tafkuna, musamman ga masu juna biyu da ƙananan yara.

Duk da haka ina ganin kina da gaskiya a wani ɓangare. Doka ba ta hana shi kawo miki ba, domin ƙa'idar da ta game Teksas ita ce bas biyar a rana, kuma mai babban baki ya kai tsawon inci 14, ko da yake wasu tafkuna suna da tasu ƙa'idar ta daban. Masana kiwon kifi da kansu sukan ce cire matsakaita daga tafkin da ya cika yana ba sauran damar girma. Ya riƙa kawo biyu ko uku matsakaita daga ruwa mai tsabta, ya saki manyan. Wanda zai mayar ruwa kuma ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi, ya tallafe cikinsa maimakon ya rataye shi ta leɓe a karkace, ya mayar da shi ruwa kafin numfashin da shi kansa zai iya riƙewa ya ƙare. Yagaggun tanar roba kuma ya zuba su a aljihu, domin kifi yana haɗiye waɗanda aka yar, su toshe masa ciki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni masunci ne ɗan masunci daga Yawuri. Yarana suna nuna mini bidiyon waɗannan Turawa a waya. Shin robar nan za ta yi aiki a ruwanmu na Kainji? Kuma me zai hana a kawo mana irin kifin a zuba, tunda an ce yana da saurin yaɗuwa?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Kai ne malami a wannan ruwa, iyakata in faɗi abin da ya shafi robar. Tana aiki ne a kan kifin da ke farauta da ido da jin motsi, kuma a ruwanmu sarkin wannan hali shi ne giwan ruwa. Masu fatsar nishaɗi suna kama shi da kifin roba a tafkin Nasser na Masar da ƙarƙashin gangaren ruwan Murchison na Yuganda. Ƙananan giwan ruwa da ke laɓe a duwatsu za su ɗauki jig mai wutsiyar roba, sai dai kayan da na lissafa wa ɗalibin Teksas ba za su riƙe babba ba, domin kifin da kan wuce kilo 100 yana bukatar sanda da zare na wani aji daban, kuma kaifin marufin kunnensa yana yanke siririn zare. Tsage zai kai wa roba hari, amma haƙoransa za su datse ta tare da zaren idan ba a sa waya ba. Tarwada da ragon ruwa kuwa da gashin baki da ƙamshi suke neman abinci, saboda haka tana mai rai da hanjin kaza sun fi musu kowace roba. Ta fuskar sana'a kuma, mutum ɗaya da sanda ɗaya yana bin kifi ɗaya ba zai ciyar da gida kamar kalli da mamari ba.

Maganar kawo bas kuwa, ina roƙon a bar ta. Saurin yaɗuwar da aka yaba masa shi ne aibinsa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna. An kai shi Japan a 1925, ya yi wa ƙananan kifayen ƙasar illa har dokar 2005 ta hana shigo da shi da kiwonsa da ɗaukarsa da rai daga wuri zuwa wuri, kuma a tafkin Biwa an hana mai fatsa mayar da shi ruwa idan ya kama. An kai shi Afirka ta Kudu a 1928, ya cinye ƙananan kifayen kogunan yankin Kef. A tafkin Atitlan na Gwatemala an zuba shi a 1958 domin jawo masu yawon buɗe ido, ya cinye abincin wani tsuntsun ruwa da ba a samun sa a ko'ina sai can, har da 'ya'yansa, kuma yana cikin dalilan da suka sa tsuntsun ya ƙare a duniya. Namu giwan ruwan ma ya yi irin wannan aika-aika da aka zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, inda ba gidansa ba ne. Abin da bas zai fara ci a Kainji shi ne 'ya'yan karfasa da ƙananan kifayen da matanku ke shanyawa a gaɓa suna kaiwa kasuwar Yawuri.